Yadda ake ɗinka baiti mai ɗango goma irin na manoman Kyuba

Ni tela ne. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina taka keke a wani lungu kusa da Tsohuwar Kasuwa, nan Sakkwato. Boko a firamare na tsaya, sai allo da 'yan littattafan da na ɗauka a zaure gaban malam. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci malamin jami'a ke magana. Abin da zan koya maka a bakin keke na koye shi, kuma a bakin keke nake yin sa har gobe.

Wata rana cikin bazara an ɗauke wuta, muna zaune muna fifita da kwali, sai ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a ya miƙo mini wayarsa. Wasu dattawa biyu ne sanye da malafa, bayansu masu kaɗa wasu kayan tsirkiya 'yan uwan molo. Wannan ya rera, wancan ya mayar masa, jama'a na ta shewa. Ko kalma ɗaya ban ji ba, don Sifaniyanci suke yi. Yaron ya ce, "Kawu, wagga waƙa da kaka ji, nan take suka shirya ta, ba hardace ta sunka yi ba." Na ce wannan ai ba baƙon abu ba ne, makaɗanmu na yi. Ya ce to akwai sharaɗi: kowane baiti ɗango goma ne, kowane ɗango gaɓa takwas, kuma amsa-amon yana da layin da yake bi, ba ya kauce masa. Nan ya kama ni. Tela in ya ji an ce awo, kunnensa ya tashi.

Sunan wannan baiti desima, wato mai goma. Daga Sifaniya ya fito, ana jingina tsarinsa ga wani mawaƙi, Vicente Espinel, wanda ya buga irinsa a littafinsa a 1591. Da ya ƙetara teku ya faɗa hannun manoman rake da taba a karkarar tsibirin Kyuba, sai suka mayar da shi nasu, suna rera shi a bikin ƙauye. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan rerawa tasu, da suke kira punto, cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Mutum biyu ne suka sa na ce ni ma zan iya, kuma daga rayuwarsu na tsamo yawancin dabarun nan. Na farko Juan Francisco Manzano, wanda aka haifa cikin bauta a Kyuba wajen 1797. Tun yana yaro yake shirya desima a ka, ya riƙe ta a ka, domin bai iya rubutu ba kuma ba a so ya iya. Daga baya ya koya wa kansa: yakan tsinci takardun da ubangidansa ya rubuta ya yar, ya ɗora siririyar takarda a kai, ya bi sawun haruffan har hannunsa ya faɗa. An koya masa ɗinki ma, abin da ya ƙara mini son sa ke nan. A 1836 wasu marubuta suka yi karo-karo aka fanshe shi, tarihin rayuwarsa ya fito da Ingilishi a Landan a 1840, kuma a 1842 ya fitar da wasan kwaikwayo cikin waƙa mai suna Zafira. Na biyu Juan Cristóbal Nápoles Fajardo, wanda duk Kyuba ta fi sani da laƙabin Kukalambe. An haife shi ran 1 ga Yuli 1829 a Las Tunas, ya tashi a gonar danginsu da ake kira El Cornito. Bai bi ta manyan makarantu ba, kakansa na wajen uwa ne ya rene shi ya nuna masa littattafai, sauran shi ya nemar wa kansa. Zan dawo kansa.

To, ga yadda za ka fara. Kada ka taɓa biro tukuna. Nemo maɓallai goma masu launi huɗu: farare uku, baƙaƙe biyu, jajaye uku, koraye biyu. In babu maɓalli, wake da gyaɗa da masara da tsakuwa sun isa. Jera su a kan tebur daga sama zuwa ƙasa kamar haka: fari, baƙi, baƙi, fari, fari, ja, ja, kore, kore, ja. Kowane maɓalli ɗango ɗaya ne, kowane launi kuma amsa-amo ɗaya. Ka ga ke nan ɗango na ɗaya da na huɗu da na biyar ƙarshensu ɗaya, na biyu da na uku ɗaya, na shida da na bakwai da na goma ɗaya, na takwas da na tara ɗaya. Ni sati guda maɓallan nan suka yi a gefen kekena, har yaran shago suka fara zaton wani asiri nake haɗawa. Ka yi ta kallonsu kana faɗin launukan da baki har sai jerin ya zauna maka kamar lambar wayarka. Wanda bai haddace wannan ba, in ya tashi rerawa gaban mutane a ɗango na shida zai ɓata, wurin da kowa ke ɓata.

Wannan tsari zai ɗan yi wa kunnenka baƙunta, don mu abin da muka saba a rubutacciyar waƙa shi ne ƙwar biyu ko ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, inda babban amsa-amo ɗaya ke ratsa waƙar tun daga basmala har tammat. A desima kowane baiti da nasa amsa-amon huɗu, in ya ƙare ya ƙare da kayansa. Baiti guda ma waƙa ce cikakkiya.

Sai awon tsawo. Gaɓa takwas. Ka ƙirga da babban yatsa a kan sauran huɗun, zagaye biyu. Ɗauki magana ta yau da kullum ka gwada: "An ɗauke wuta tun rana." An, ɗau, ke, wu, ta, tun, ra, na. Takwas cif. Ka wuni kana yi wa maganar mutane haka, ta mai kabu-kabu, ta mai fura, ta matarka in tana faɗa. Za ka sha mamakin yawan zancen Hausa da ke faɗowa takwas da kansa. Amma akwai abin da ƙirga ba ta kamawa. A Hausa wata gaɓar nauyi gare ta, wata sakayau take: "tun" da "wu" ba ɗaya suke a baki ba, kuma a kan wannan nauyin karin waƙoƙinmu ya ginu. Ɗango biyu za su iya zama takwas-takwas, ɗaya ya tafi sumul, ɗaya yana ɗingishi. Maganinsa ka samu wata 'yar murya taka da za ka riƙa ɗora kowane ɗango a kai. Ni da bugun ƙafar keke nake auna nawa. In ɗango ya sa na tsaya da taka keke don in cusa wata kalma, na san ya karye, ko da yatsuna sun ce takwas ne.

Ga wanda na fara yi da ya tsaya da ƙafarsa, a kan abin da kowane tela ya sani:

Daren Sallah ina ɗinki,
An ɗauke wuta tun rana,
Mai shadda ya ce zai kwana
Har sai ya ga ƙarshen aiki.
Na ce, Alhaji bar tsaki,
Zo ka riƙe mini zare,
Mu ƙarasa aikin tare.
Ya zauna a gefen benci,
Kan ka ce kwabo sai barci,
Ya farka riga ta ƙare.

Duba inda aya ta fara faɗowa: ƙarshen ɗango na huɗu. Wannan doka ce a wurinsu, kuma doka ce mai hankali. Ɗango huɗun farko su za su shimfiɗa maganar, wane ne, ina ne, me ya faru, sannan ka numfasa. A Kyuba ma a nan mawaƙi kan saurara, masu kiɗa su cike gurbin, shi kuma yana lissafin abin da zai biyo baya. Na biyar da na shida su ne gada. Na biyar yana waiwayen baya da amsa-amonsa, amma maganarsa ta fuskanci gaba, na shida kuma ya buɗe sabon launi. Kamar inda hannun riga ke haɗuwa da jikinta ne, nan ake gane tela. In ka sa aya a bayan na biyar, ka raba baitin biyar da biyar, ya zama riga biyu da aka lika. Huɗun ƙarshe su kai maganar gida, na goma kuma ya zama shi ne mai nauyin duka. In dariya ce a nan za a yi ta, in tausayi ne a nan zai sauka.

Da na rera wannan baitin a majalisarmu ta bayan la'asar, wani dattijo mai sayar da huluna, wanda ko harafin boko bai sani ba amma kansa cike yake da waƙoƙin wa'azi, ya ce, "Tela, sake hwaɗin na bakwai in jiya." Na sake. Ya ce, "Zare da ƙare suna jan wutsiya, tare kuwa an datse mata. Ba ka ji ba?" Na ce, "Baba, wallahi sai yanzu." Gaskiyarsa: a rubuce duk "re" ne, a baki kuwa wasalin ƙarshen "tare" gajere ne. Na bar shi haka don ban sami abin da ya fi shi ba, amma tun ranar nake gwada amsa-amo da kunne kafin ido.

Tunda mun zo kan amsa-amo, bari in faɗi ra'ayina, ko da wasu ba za su so ba. Hausa ta cika sauƙin amsa-amo, don kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa. In ka ce duk abin da ya ƙare da "a" ya yi, to ba ka yi aikin komai ba. Mafi ƙaranci baƙi da wasalin gaɓar ƙarshe su dace, kamar ɗinki, aiki, tsaki. In ka samu gaɓa biyu suka yi kama, kamar rana da kwana, ka ci riba. Kuma ka guji arahar nan ta jera gidana, kekena, ɗana, ko ka yi ta liƙa "ba" a ƙarshen kowane ɗango. Yaro ma zai iya. Ka ware wani littafi, ko bayan littafin awo kamar yadda na yi, shafi guda na "ki", shafi guda na "sa", na "ra", na "ci", kana tara kalmomi duk inda ka tsince su. Masu yi nan take da ka gani suna burge mutane, rumbun nan ne cike a kansu.

Me za ka waƙa? A nan Kukalambe ya yi mini amfani. Littafinsa da ya fito a 1856 sunan ƙoramar da ta ratsa gonarsu ya sa masa, Rumores del Hórmigo, wato gunagunin ruwan Hormigo. Abin da ke cikinsa itatuwan ƙasarsu ne da tsuntsayenta da sunayensu, da zakarun faɗa, da bukkar manomi, da matarsa Rufina, da mutanen farko na tsibirin da Turawa suka tarar. Shi ya sa manoman da ba su iya karatu ba suka haddace baitocinsa suna rerawa a gona, wasu ba su ma san mai su ba, kuma da yaƙin neman 'yanci ya tashi a 1868 da su mayaƙa suka shiga daji. Shi kansa bai ga wannan ba: ya ɓace a birnin Santiyago a 1861 yana da shekara 32, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Har yanzu duk shekara, wajen ranar haihuwarsa, mawaƙa na taruwa a El Cornito suna gasa da sunansa. Mu nan Sakkwato bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, garin da jajis ɗin Nana Asma'u, wato matan da ta koyar ta naɗa su jagorori, suka riƙa ɗaukar waƙa a ka suna kai wa matan ƙauye.

Saboda haka ka bar "duniya" da "rayuwa" da "ƙaddara" tukuna, sun fi ƙarfin ɗango goma a hannun sabon shiga. Kama abin da za ka iya nunawa da yatsa. Hoce da aka saya ya bushe. Akuyar maƙwabci da ta ci maka zogale. Layin awon shinkafa. Ka kira abu da sunansa: in gawo ne ka ce gawo, kada ka ce itace.

In hannunka ya fara faɗawa, sai ka shiga abin da na fi so, wanda nake kira ɗangon dole. A Kyuba wani daga cikin 'yan kallo ne zai jefo ɗango guda mai gaɓa takwas, mawaƙi kuma dole ya shirya baitin da zai ƙare da shi. Yana da ɗan kama da tahamisin malamanmu, inda kake gina naka a kan na wani, sai dai wannan a tsaye ake yin sa, mutane na kallon bakinka. Sirrinsa daga ƙasa ake ɗinko shi. Taubashina, mai noman albasa a fadamar Kwalkwalawa, ya taɓa jefo mini "Gulbin Rima ya yi ƙasa". Abin da na fara yi shi ne neman jajayen maɓallai biyu da suka rage, wato kalmomi biyu masu "sa" na ɗango na shida da na bakwai. Albasa ta zo da kanta, nisa ta biyo ta. Sai na tambayi kaina, wa zai faɗi wannan magana, kuma me ya sa? Yaran da aka aika jan tiyo. Da na san mai maganar, na takwas da na tara suka samu. Sannan na koma sama na shimfiɗa huɗun farko, waɗanda su ne mafi sauƙi don babu wanda ya ɗaure su.

Mun shiga tsakar bazara,
Kowa na neman inuwa,
Ni ko ina neman ruwa,
Injina sai yawan ƙara.
Na sai fetur, na sa yara
Su ja tiyo can da nisa
Don kar mu rasa albasa.
Sunka dawo suna haki,
Wai Baba a nemo jaki,
Gulbin Rima ya yi ƙasa.

Kada ka ɗauka a tsaye na yi shi. Kwana biyu ya ci mini. Yau, bayan shekara uku, nakan iya cikin minti biyar in amsa-amon mai yalwa ne. Ka fara da kwana biyu, ka dawo wuni guda, ka dawo tsakanin azahar da la'asar. Kuma ka bi hanyar Manzano ta bin sawu: ɗauki baitin da ya riga ya tsaya, ko nawa ɗin nan, ka bar kalmomin ƙarshe yadda suke, ka canza duk abin da ke gabansu. In ka yi haka sau goma, sai ka cire su ma.

Daga nan sai ja-in-ja, abin da dattawan cikin wayar nan ke yi. Mutum biyu, jigo ɗaya, kowa da ɓangarensa, wannan ya yi goma wancan ya mayar da goma. Ba ƙaramin abu ba ne a can: a 1955 karawar Jesús Orta Ruiz da Angelito Valiente ta tara dubban mutane a filin wasa a Habana, babban birnin Kyuba. Ƙa'idar da muke bi a majalisarmu ita ce dole ka ɗauki wata kalma ko hujja daga baitin abokin karawarka ka juya ta. In ka zo da naka shiryayye daga gida wanda bai taɓa abin da ya faɗa ba, ka faɗi, kuma kai za ka sayi shayi. Ka zaɓi abokin da akwai wasa tsakaninku, taubashi ko abokin barkwanci irin na Fulani da Barebari, wanda in ka yi masa zambo dariya zai yi. Sana'a da rowa da tsoro da santsin kai duk ana taɓawa. Iyaye da asali da aibin halitta ba a zuwa wurin. Na taɓa ganin baiti ɗaya ya raba mutum biyu gaisuwa wata uku, don an ambaci abin da kakan wani ya yi.

Wasan kwaikwayo kuwa daga ja-in-ja yake tsirowa, ba sai ka nemo shi daga nesa ba. Manzano da Kukalambe duk sun rubuta wasa cikin waƙa, na Kukalambe an nuna shi a Santiyago a 1859. Namu bai kai nan ba. Abin da muka yi da azumin bara shi ne muka ɗauki baitin daren Sallah muka raba shi baki biyu, muka ƙara wasu shida: yaro ɗaya tela, ɗaya Alhaji mai shadda da matashin kai a ciki, na uku matar tela da ke aiko a kawo kuɗin cefane. Suka zaga da shi tashe cikin unguwa. In za ka yi irinsa, mutum uku sun isa, wuri ɗaya, rigima ɗaya. Kowane ɗan wasa ka ba shi abin da yake so da wanda ya tare masa hanya. Wurin raba baiti tsakanin baki biyu shi ne bayan ɗango na huɗu, inda dama akwai numfashi. Kuma ka bar yaran su haddace da kunne, kai kana faɗa suna maimaitawa. Da na ba su a takarda sai suka riƙa karantawa kamar masu amsa tambayar jarrabawa, na karɓe takardun.

Wayarka ma ka sa ta aiki. Duk baitin da ka gama ka rera shi ka naɗa, ka saurara washegari da safe kafin ka buɗe shago. Abin da ya yi maka daɗi da dare, da safe za ka ji inda ya yi tsalle.

Yanzu haka akwai ɗangon dole da ke wuyana tun ran Juma'a. Ƙaramin yaron shagona ne ya jefo shi, yana dariyar mugunta, don ya san kalmomin Hausa masu ƙarewa da baƙi ba su da yawa: "An ƙara kuɗin man fetur." Na ƙirga, takwas ne, ba ni da hanyar ƙin karɓa. Na samu babur, na samu tebur, ko da yake dattijon mai huluna zai ce "tur" da "bur" ba uwa ɗaya ta haife su ba. Babur ya zauna a ɗango na shida lafiya lau. Teburin ne har yau ban san abin da ya kawo shi gidan mai ba, ga shi kuma jibi za a zauna.